Albishir Ya Katse a Tsakiya

Shekarar da muka koma unguwar Morris Heights, can ƙasar waje, maigidana ya sa aka haɗa mana talabijin da intanet da wayar gida duk a igiya ɗaya. Na yi murna ƙwarai, don kiran Kumasi ya yi sauƙi, kullum sai na ji muryar mahaifiyata. Sai dai idan yara suna kallon bidiyo, muryar tata takan riƙa yankewa kamar tana magana a cikin ruwa. Ban damu ba.

Ƙanwata kuwa ta daɗe da aure ba haihuwa, sai a shekarar nan Allah ya ba ta ciki. Ranar wata Asabar da rana, ana zafin da kowa ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, wayar ta yi ƙara. Mma ce, mahaifiyata, tana haki.

"Albishirinki. Ƙanwarki ta sauka, kuma..."

Wuta ta ɗauke a benenmu gaba ɗaya. Akwatin intanet ya mutu, wayar ta bi shi. Ashe wannan irin ba ta aiki sai da wuta. Na danna, na girgiza, shiru. Wayar hannuna ma babu caji. "Kuma" me? Lafiya ko akasin haka?

Ko takalmi ban sa ba na sauka ƙasa wurin maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Tamale da ba ta taɓa canza tsohon layin wayarta mai aiki ko ba wuta ba. Na buga mata ƙofa kamar zan karya.

"Hajiya, wayarki tana yi?"

"Tana yi mana. Shigo, 'yata. Wa ya rasu?"

"Haihuwa ce, amma ban ji ƙarshen maganar ba."

Ita ta riƙa danna lambobin ina faɗa mata. Da aka ɗauka, guɗa na fara ji kafin muryar Mma.

"Ina kika shige? Cewa zan yi tagwaye ne. Mace da namiji, uwa lafiya lau."

Na zauna dirshan a ƙasa ina dariya ina hawaye. Hajiya ta ƙwace kan wayar ta yi wa Mma barka kamar sun san juna tun ƙuruciya, sannan ta leƙa baranda ta sanar da matan bene. Kafin la'asar ɗakinta ya cika, wata ta kawo waake, wato shinkafa da wake, wata ta kawo lemo, muna fifita da kwali muna gardamar sunan da ya dace da jariran.