An Ce Mai Gyaran Ya Rasu

Jiya a bakin kasuwar Gummi na dogara sandata gaban wani tsohon babur, ɗan roba-roba. Da ganin bututun iskarsa na gane shi.

Babur ɗina ne a da, wajen shekarar dubu biyu, lokacin ina koyarwa a Nasarawa Burkullu. Duk damina sai ya sha ruwa a mashigin rafi ya mutu. Ni ba makanike ba ne, sha'awa ce kawai, amma na yanko tiyon injin ban-ruwa na ɗaga bututun har ƙarƙashin kujera. Bai ƙara mutuwa ba. Da hannuna ya fara rawa na sayar.

Na tambayi magidancin da ke kansa, "Ɗana, wa ya yi maka wanga aiki?"

"Wani malami ne, Baba. Makanikai ma sun hana ni cirewa. An ce ya rasu, Allah shi jiƙanai."

"Amin. Amma bai tahi ba tukun, ga shi gabanka."

Ya sauko ya durƙusa. A kan babur ɗin ya kai ni gida, muka sha fura. Rabon zaurena da baƙo tun Sallar layya.

Ku kuma, wane aikin hannunku zai sa baƙon ido ya yi muku addu'a?