Tampo a Jikin Gawo

Ku da kuka san Kaka Hankurau kun san cewa idan ya dawo daga zaman konsai, wato majalisar ƙaramar hukumarmu, ba ya shiga gida. Ko ruwa ba ya sha. Yana sauka daga motar kasuwa zai wuce ƙofar masallaci, ya hau bisa sharet, wato amalanken jaki, ta duk wanda ya ajiye tasa a wurin, ya gyara zaman hula, ya ce, "Jama'a, ku matso ku ji kwantarandi." Kalmar Faransanci ce, ma'anarta bayanin abin da aka yi a taro, amma yadda take fita daga bakinsa ya sa yara suka daɗe suna zaton sunan wata mata ne mai yawan barci.

Shi ne konseyenmu, wato wakilin da garinmu ya aika meri, ofishin magajin gari, kuma kakana ne, mahaifin babana. Bai taɓa zama a aji ba. Sunansa Hankurau, amma kakata Inna Tsahara takan ce lalle ranar suna an yi musayar jarirai, domin ita dai ba ta taɓa ganin haƙurin ba. Kowane bayani nasa da magana ɗaya yake ƙarewa. Idan aka tambaye shi ina aka kwana kan maganar rijiya, ko ta hanya, ko ta rufin lakkol, makarantar bokon garinmu, sai ya buɗe hannu ya ce, "Mun tattauna, amma ba mu haɗiye ba."

Wata rana yana tsakiyar bayanin hanya, ashe sharet ɗin da ya hau ba a kwance jakin ba. Jakin ya gaji da tsayuwa ya kama hanyar gidan ubangidansa. Kaka bai sauka ba, bai kuma yanke maganarsa ba. Ya dai ware ƙafafu don kada ya faɗi, ya ɗaga murya.

"Ku biyo ni, saura magana biyu."

Aka bi shi. Rabin gari ya ƙarasa jin labarin hanyar a ƙofar gidan mai jakin, kuma da aka yi masa dariya cewa ya yi ai yanzu kowa ya ji ramukan da ƙafarsa, ba sai an yi musu ba.

Abin da ya fi ci masa rai a shekarunsa na ƙarshe shi ne Tsakani. Haka muke kiran filin da ya raba garinmu da garin maƙwabtanmu na gabas. Ba gonar kowa ba ce. Gawo ne a jere, da kalgo da magarya, da burtalin da shanu suke bi su gangara fadama. Da damina ruwan duwatsu ta nan yake wucewa, shi ya sa ba ya shigo mana gidaje. Da rani Inna Tsahara da sauran mata daga nan suke tsinto 'ya'yan gawon da ke riƙe awakinsu har ruwa ya sauka. A tsakiya akwai wata tsohuwar kuka inda kakannin kakanninmu suke yanka kafin shuka, tun salla ba ta game gari ba. Yanzu ba mai yankan kome a wurin, amma ba mai saran ice ma. Na taɓa tambayar Kaka ko yana tsoron wurin ne. Ya harare ni.

"Ni musulmi na, Mai Littahi. Tsoro sai na Allah. Amma mutum ba shi tsokanar tsohon maƙwabci don kawai sun bar gaisawa."

Mai Littahi shi ne sunan da ya sa mini tun ina ƙarama, saboda ko biki ake a gida ana samuna ne bayan rumbu da littafi.

Gari kuma ya cika. Samarinmu da ke zuwa bida, wato neman kuɗi, Abijan da Libiya suna dawowa da niyyar gina ɗakin siminti, ga aure, ga 'ya'ya, babu fili. Meri ta kawo maganar lotisma, wato a auna fili a yanka shi parsel-parsel a raba, kuma idon kowa ya faɗa kan Tsakani, domin shimfiɗaɗɗe ne, ƙasarsa mai taushi. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Alhaji Idi, taubashin Kaka, wanda ya yi shekaru yana sayar da albasa a Abijan. Tun suna yara suke cin mutuncin juna da izinin al'ada, amma wannan karon akwai zafi a ƙarƙashin wasan.

"Hankurau, kai fa ka tsufa," in ji Alhaji Idi. "Ɗiyanmu su kwana bisa icce awa birai?"

"A'a, su kwana cikin korama awa kwaɗi. Ka gina nan, Idi, in ruwa ya zaka ka nuna mai takardar parsel ɗinka, halan ya iya karatu."

Kaka bai taɓa cewa kada a yi gini ba. Cewa yake a kai shi bisa faƙon arewa, inda ko ƙaya ba ta fitowa. Masu son gini kuma suna cewa wa zai haƙa tushe a cikin dutse.

Ina hutun jami'a a gida ranar da ya dawo daga meri fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir da Makka. Ya hau sharet.

"Jama'a, yau mun tattauna, kuma mun haɗiye. Wani ma'aikaci yaz zo daga Tawa da taswira, yac ce Tsakani zon tampo na. Da kunnena naj ji. Kun san abin da anka buga ma tampo, ko magajin gari ba shi taɓa shi."

Mata suka yi guɗa. Ni kuma ban taya su murna ba, domin labarin ƙasa nake karantawa, kuma na san kalmar. A Faransanci, tampon yana nufin hatimin da ake bugawa a takarda, wanda duk muke kira tampo. Amma zone tampon wani abu ne daban: fili ne da ake bari tsakanin wurare biyu don kada su haɗe. Washegari na je wurin sakataren meri, wanda ya taɓa koyar da ni a koleji, na tambaye shi. Ya ce ba a yanke kome ba. Ma'aikacin ya kawo shawara biyu ne, ko a raba Tsakani, ko a bar shi a kai ginin bisa faƙo, kuma sai bayan kaka za a jefa ƙuri'a.

Na yi ta juya maganar a raina kafin na iya fuskantar Kaka. Na same shi yana gyara ƙotar hauya. Na durƙusa, na yi masa bayani dalla-dalla, har da misalin auduga da ake sa wa tsakanin ƙwai biyu. Ya saurare ni har na gama, abin da ba ya yi wa kowa.

"Wato babu tampo."

"Babu, Kaka. Suna ne kawai."

"Sun hwaɗi sunan, sun mance ba su buga ba."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka aikin gwamnati shike, Mai Littahi. Sai an taimaka musu."

Da la'asar na gan shi ya fita da ragowar shuɗin fentin da aka shafa wa ƙofar Inna Tsahara, da wani gwangwanin tumatir. Ya bi gawon Tsakani ɗaya bayan ɗaya. Sai ya tsoma bakin gwangwanin a fenti ya danna a jikin icen, da'ira ta fito tsaf. Sannan ya tsoma babban yatsansa ya dangwala a tsakiya, yadda yake dangwala wa takardun meri, domin a cewarsa tampon da babu sa hannu wasan yara ne. Kukar kaɗai ya ƙyale. Ya ce ita tana da masu ita.

Fentin mai ne, ba ya fita da sabulu. Ya yi makonni yana gaisawa da mutane da hannu a dunƙule cikin hannun riga, yana cewa sanyin ƙashi ne. Inna Tsahara ta ce wannan ne sanyin ƙashi na farko da ya ci mata rabin fenti. Alhaji Idi ne ya kama shi a wurin wani suna, da aka kawo tuwo dole ya fito da hannun. Ya dubi yatsan, ya dubi Kaka, ya ci gaba da cin tuwonsa. Da za su tashi ya ce, "Hankurau, lallen naka ya kama. Wa za ka aura?"

Abin da ya biyo baya ban taɓa karanta irinsa a littafi ba. Masu awon fili suka zo duba wurin, suka ga shuɗin da'ira a jikin kowane gawo, suka ɗauka ma'aikatan gandun daji ne suka yi alamar, suka naɗe igiyarsu suka koma. Ma'aikatan gandun daji da suka biyo ta wurin suka ɗauka meri ce. Makiyaya suka kai labarin har wajen Garhanga cewa akwai burtali mai tampo. Maƙwabtanmu na gabas suka daina cewa Tsakani, suka koma cewa Tampo. Ni kaɗai nake yawo da maganar a ciki kamar wadda ta haɗiye tsakuwa. Kullum ina jiran ranar da wani zai tambaya a fili, a kunyata tsoho a gaban jama'a, a kuma ce tun da ƙarya ce aka gina maganar a kanta, to a raba wurin.

Kaka bai ga ranar ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi ana tsakiyar yankan gero, cikin 'yan kwanaki ya cika. Da aka zo wanka, limaminmu ya ce har lokacin akwai shuɗi-shuɗi a gefen farcensa.

Ranar ƙuri'a Inna Tsahara ta ce in je meri in ji mata da kunnena, tun da ita tana takaba. Ɗakin ya cika da mutanen garuruwan biyu. Na samu gefen bango na lafe. Ma'aikacin Tawa ya sake shimfiɗa taswirarsa, ya maimaita shawarwarin nan biyu, sannan ya cire tabarau ya ce akwai abin da bai gane ba. Ya ce an gaya masa itatuwan wurin duk suna ɗauke da alama, ya tambayi ofisoshin da ya sani, kowa ya ce ba shi ba ne. Sakataren meri, ban san me ya kai shi ba, ya nuna ni ya ce ga jikar marigayi konseye, ɗalibar jami'a ce, wataƙila ta sani.

Duk ɗakin ya juyo. Ni ko a aji ba na ɗaga hannu, kuma ban iya ƙarya ba, ko ta wasa. Ma'aikacin ya ce, "Madamazel, wa ya buga alamar?" Na dubi ƙasa. Na san idan na yi magana gaskiya ce za ta fito, kuma na san abin da za ta tafi da shi.

Sai na ji an ja kujera. Alhaji Idi ne, mutumin da ya riga ya sauke bulo a gidansa yana jiran parsel a Tsakani.

Ya dubi ma'aikacin ya ce, "Mushe, ƙyale yarinya, ba ta nan anka yi. Ni na san wanda yab buga. Ma'aikacin meri na, zaɓaɓɓe, kuma da hannunai yas sa hannu bisa kowane icce. Na ga yatsan da idona."

"Yana ina?"

"An yi mai canjin wurin aiki. In kana son ka tambaye shi, hanya na nan, amma ba a dawowa."

Wani tsoho daga garin gabas ya tuntsire, dariya ta kama ko'ina, har magajin gari ya sunkuyar da kai yana share ido. Ma'aikacin ya dubi fuskokin mutane, kuma ina jin ya gane duk abin da ya faru, domin murmushi ya yi ya mayar da tabaransa. Ya ce shi dai shawara ya kawo, zaɓi na konsai ne. Da aka ce masu son a raba Tsakani su ɗaga hannu, konseyoyin suka dubi jama'ar da ta cika ƙofa da tagogi, kowa ya ga ashe hannunsa yana da aiki a aljihu. Aka bar Tsakani. Aka kai lotisma bisa faƙon arewa, meri ta yi alkawarin kai famfo can.

A waje na zauna a gindin bango. Alhaji Idi ya tsaya a kaina. Na yi ƙoƙarin yi masa godiya, ya katse ni.

"Kar ki gode mani. Da yana raye da na kwance mai zane gaban kowa. Amma ba a kada mutum ba shi nan, ba daɗi." Ya juya zai tafi, sannan ya ƙara da cewa, "Ki ce ma Tsahara tsohon banzan nan ya ci ni."

Yanzu gidaje sun fara tashi bisa faƙo. Na Alhaji Idi ne na farko, kuma duk wanda ya wuce lokacin da ake haƙa tushensa ya ji sunan Kaka a bakinsa tare da kalmomin da ba zan rubuta ba. Damina ta zo da ƙarfi bana, ruwan ya bi hanyarsa ta cikin gawo ya sauka fadama, ba wanda ya kwana yana kwalfe ɗaki.

Allah, ga bawanka Hankurau nan ya zo maka da kurakuransa. Ka duba abin da ya nufa, ka yafe masa sauran. Ka yalwata masa makwanci, ka ba Inna Tsahara haƙurin da ta ce ba ta taɓa gani a wurinsa ba. Amin.