Faifan Baba da Akwatin Yaya Umaru

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana, Umaru mai gyaran garmaho na kasuwar Kalgo. Waɗanda suka san shi sun kusa ƙarewa. Kwanan baya na je kasuwar, na tambayi telan da ke zaune daidai inda rumfarsa take ko ya taɓa jin sunansa. Ya ce bai taɓa ba. Sai da na maimaita tambayar da ƙarfi ma kafin ya ji, domin mai sayar da kaset na kusa da shi ya ƙure lasifika har muryar mawaƙin tana ɓarkewa. Na daɗe tsaye ina kallon wannan lasifika. Ban ga wanda abin ya dama ba sai ni.

Mu biyu ne wurin mahaifinmu. Baba makaɗin manoma ne, da gangarsa da muryarsa ake gayya daga Dangoma har ƙauyukan bakin gulbi. A farkon shekarun 1950 wasu mutanen kamfanin faifai suka zo ƙasarmu suna ɗaukar muryar makaɗa, aka kai shi, ya yi musu waƙa biyu. Bayan watanni aka aiko masa da faifai guda ɗaya. Damina ba ta zagayo ba Allah ya karɓi ransa. Ba shi da hoto, bai bar rubutu ba. Wannan baƙin faifai shi ne abin da ya rage mana.

Umaru ya koyi aikin waya da rediyo a soja, da ya dawo ya buɗe rumfa. Garmahon wancan lokaci da hannu ake wana shi, allurarsa ta ƙarfe ce, kanta kuma da nauyi. Bayan sadakar arba'in ya ɗora faifan Baba, bai bari ya kai ƙarshe ba ya ɗage allurar. Ya ce gangar ba ta fito ba, kamar ana bugun gwangwani. Sannan ya shafa bakin allurar a farin ƙyalle ya nuna mini.

"Hauwa, kin ga wanga baƙin gari? Muryar Baba ce allura ke kankarewa. Duk sawa ɗaya tana rage shi."

Ya naɗe faifan a tsohon zanen Inna ya sa a adaka, ya hana kowa taɓawa. Mutane suka ce rowa ce. Shi kuwa ya shiga bin direbobin da ke zuwa Kano da Ikko, wannan ya kawo masa waya, wancan ya kawo bawul, irin ƙwan gilashin nan na cikin rediyo. Ya samo hannun garmaho marar nauyi mai allurar da ba ta ƙarfe ba, irin wanda aka yi domin sababbin faya-fayan roba da suka fara shigowa. Matsalar ita ce sautin da irin wannan allura ke ɗaukowa bai fi kukan sauro ba, in aka kai shi kai tsaye ga amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, sai ya fito siriri, babu kauri. Dole a sami abin da zai tsaya tsakaninsu, ya ɗaga sautin, ya mayar masa da abin da aka rage wajen yanka faifan. Shi ne Umaru ya haɗa da hannunsa a cikin ɗan akwatin katako, yana kiransa ɗan tsakiya. Bawul biyu ne a ciki masu ja kamar garwashi, da maɓalli biyu a gaba, ɗaya na kauri, ɗaya na kaifi. Akwai wata waya da ya ɗaure a jikin ƙarfe ya kafa a ƙasa, yana zuba wa gindin ƙarfen ruwa, ya ce in ba haka ba akwatin zai riƙa gurnani. Inna takan yi masa dariya, wai ya shuka ƙarfe yana ban ruwa.

Lokacin da ya gama, ina gidan aure a Gwandu. Ya aiko na zo. Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jona batirin mota, ya saukar da allura a hankali. Abin da na fara ji ba waƙa ba ce, jan numfashi ne. Baba yana da wata al'ada ta jan iska ta hanci kafin ya ɗauko baiti, kuma na manta da ita sai a ranar. Sai ganga ta shigo da cikinta gaba ɗaya, na ji ta a ƙirji. Ana iya rarrabe bugun gula da na tafin hannu. Muryarsa tana gaba, 'yan amshi suna baya, kowa a mazauninsa. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta buɗe ba har faifan ya ƙare. Umaru bai ƙara sautin ba ko kaɗan. Ya ce ƙara daban, murya daban, kuma wanda yake son ji zai matso.

Ina tuna wannan magana duk ranar biki a unguwarmu. Yau kayan sauti sun yi arha, kowane yaro yana da rediyo mai kaset, amma ban san ranar da na ƙara jin ganga da cikinta ba. Ana jera lasifika kamar buhunan gero, a murɗa har ƙarshe, mai waƙa yana kururuwa, ba a jin abin da yake faɗi, jama'a kuma su ce kaya sun yi kyau. Da Umaru yana nan, na san ba zai yi faɗa ba. Zai tsaya ya saurara, ya girgiza kai, ya wuce, su kuma su ce tsoho ne bai waye ba. Haka ma aka ce da shi tun yana da ƙuruciya.

Wan mijina attajiri ne mai motoci. Zan kira shi Alhaji kawai, domin 'ya'yansa suna raye, wasunsu ma ni na goya su. A motarsa ake yi wa Umaru cajin batir. Da lokacin zaɓe ya matso, Alhaji ya shiga neman kujera, ya aiki mijina Kalgo a ba shi aron kayan, har da faifan Baba, domin ya san manoma za su taru in sun ji shi. Umaru ya ce zai bi su da kansa ya riƙa sa musu wasu faya-fayan. Aka dawo masa da amsa cewa Alhaji yana da yara, kuma na Baba yake so. Surukai ne, ƙanwarsa tana gidansu. Ya bayar. Ya zaunar da direban Alhaji ya nuna masa jar waya da baƙa, ya nuna masa ƙarfen ƙasa, ya roƙe shi kada a ɗora faifan a kan wani garmaho.

Ranar farko yaran Alhaji suka juya wayoyin, akwatin ya yi hayaƙi. Suka jefa shi bayan mota, suka ɗauko garmaho mai allurar ƙarfe, suka kara makirfo a bakinsa, suka ɗaure ƙahon lasifika a kan motar. Da safe a tafi Malisa ko Maruda, da yamma a dawo ƙofar gidan Alhaji a ci gaba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ina daka ina ji, ina wanke-wanke ina ji. Ba wanda ya canza allura. Ganga ce ta fara tafiya. Daga nan wani sauti kamar ana suya ya rufe 'yan amshi. Sai faifan ya fara maƙalewa a wuri ɗaya, Baba yana maimaita rabin kalma, yaran unguwa suka mayar da ita waƙar wasa suna tsalle. Na ce wa mijina ya yi wa Alhaji magana.

"Mi zan ce mishi? Yayana ne. Kuma faifai ne fa, ba mutum ba."

Bayan zaɓe Umaru ya zo a kan keke. Ya zauna a zaure tun hantsi har azahar kafin Alhaji ya fito. Ina bayan ƙofa na ji abin da ya ce masa: "Kayanka ba su da ƙarko, Umaru, rana guda suka ƙone." Iyakar abin da ya samu ke nan, sai faifan da aka miƙo masa. Da ya shigo gaishe ni ya buɗe zanen Inna. Faifan da yake baƙi mai sheƙi ya koma ruwan toka. Na ce masa zan haɗa kayana in bi shi.

"Ki zauna ɗakinki, Hauwa," in ji shi. "In kin bar gidan ga, Baba bai dawowa. Ni na yafe, ke ma ki yafe."

Ya sha ruwa ya tafi.

Ya sake haɗa akwatin, har ya fi na farko, in ji shi. Ya ɗora faifan a gaban Inna. Akwati mai kyau ba ya ƙarya, abin da ke jikin faifai shi yake bayarwa, kuma abin da ya ba su shi ne ƙarar suya, tas, da wata inuwar murya can ƙasa da ba za ka ce ta wane ce ba. Inna ta ce ya kashe. Ya sa direbobi suka bincika masa kantunan Kano da Ikko ko akwai wani kwafi, ba a samu ba. Tari ya kama shi a damina, da kaka ya rasu. Ba zan ce faifai ne ya kashe shi ba, ajali ne. Amma na san tun daga ranar bai ƙara kiran kowa ya zo ya saurari wani abu ba.

Alhaji ya samu kujerar da ya nema. Ya zo gaisuwa da manyan riguna, ya zauna a gaba, ya gaya wa jama'a cewa bai taɓa ganin mai haƙuri irin Umaru ba. Kowa ya ce haka ne. Na lura a ƙasarmu an fi yabon haƙuri a bakin wanda ya ci amfaninsa.

Me ya rage na Umaru? Akwatin ya ɓace a wani tashin gida. 'Ya'yansa sun zama manoma da malamai, mutanen kirki, babu wanda ya gaji aikinsa. Jikokina sukan tambaye ni yadda muryar kakan iyayensu take, wato suna nufin Baba, sai in buɗe baki in rasa ta inda zan fara. Yammaci ɗaya tak aka dawo mana da shi cikakke, da numfashinsa da gangarsa, kuma yayana ne ya yi wannan da hannunsa. Cikin waɗanda suka zauna a kan tabarmar nan ni kaɗai na rage.

Allah ya jiƙan Umaru, ya jiƙan Baba da Inna. Alhaji ma ya daɗe a ƙasa, kuma malamai suna gaya mini lokaci ya yi da zan sauke abin nan daga zuciyata. Umaru ya yafe a gabana, da bakinsa, ƙurar hanya tana jikinsa. Ni har yau ban kai can ba, shekaruna kuma sun ja.