Injin Malam Habu Ba Zai Hau Sikeli Ba

Da hantsi ne, ina tsakar gida ina gasa 'ya'yan gahawa, wayar Inna ta yi ƙara. Mai gadin wata masana'anta ne a Sharada. Ya ce Baba ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Gahawar ta ƙone ƙurmus a kasko, ba wanda ya bi ta kanta.

Mahaifina, Malam Habu, ya daɗe yana kuku a gidan wani mai kamfanin robobi a Bompai. Da kamfanin ya rufe, mai gidan ya bar masa injin haɗa esfireso, wato gahawa mai kauri, Baba ya ɗauko shi ya kafa rumfa a ƙofar masana'antar, a tsakiyar masu shayi. An yi ta yi masa dariya. Ma'aikata sun saba da ƙaton kofi cike fal da madara, shi kuwa sai ya miƙo ɗan finjali. A ce, "Malam, wannan ɗanɗano ne ko magani?" Ya ce, "Sha tukuna. In gyangyaɗi ya kama ka a bakin aiki, dawo ka zage ni." Sukan dawo, amma ƙarin finjali suke tambaya.

Ni ya koya wa aikin, don yayyena ba su da haƙurinsa. A niƙa gahawa lukui, a cika ɗan ludayin ƙarfe, a danne ta sosai, a ɗaura a inji, ruwan zafi ya ratsa ta da ƙarfi, ta zubo siririya kamar zuma da jan kumfa a kanta. Yakan ce, "Rabi, in kika yi sako-sako da dannawa, ruwa zai wuce bai ɗauko komai ba." Mai tsoron ɗaci ya busa masa madara da tururi, ya yi masa kafucino. Wanda bai karya ba kuwa, sai ya kora shi wajen mai ƙosai tukuna, ko zai yi fushi. Kafiya ce da shi, ina kuma alfahari da ita.

Shi ya sa raina ya ɓaci a zaman makoki da na ji ana raɗa wai gahawa ce ta kashe shi. Ajali ne ya ɗauke shi. Ba a ma tashi daga makokin ba ƙaninsa, Baffa Sule, ya shigo da ɗan gwangwan, mutumin yana ƙwanƙwasa injin da aka dawo da shi gida yana ƙiyasta nauyin tagullar cikinsa. Na fito da hijabina.

"Baffa, ku yi haƙuri, injin nan ba zai hau sikeli ba."

"Ke Rabi! Wa zai tsaya a kansa? Mace a ƙofar kamfani?"

"Ni zan tsaya. A sa shi a kasona na gado, ko da shi kaɗai zan tashi."

Inna tana cikin takaba, ta miƙo mini makullin rumfa ta ƙasan labule.

Allah Ka jiƙan Baba, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna da yayyena haƙurin rashinsa, Ka sanyaya zuciyar Baffa. Ni kuma Ka ƙarfafa hannuna, don gobe bayan asuba zan buɗe rumfar. Amin.