Ranar da Baba ya gaisa da itacen shayi

Muna tsakiyar wata gonar shayi, mai zagayawa da mu tana ta zuba bayani da Turanci, sai na waiga na ga Baba durƙushe gaban wani ɗan itace. Na ɗauka ciwonsa ne ya tashi.

Shekara talatin Baba yana sayar da shayi a tasha a Damagaram. Tun da na kawo shi Greensboro, a Amurka, ganin likita ya daina fira, abinci ma sai da lallashi. Shi ya sa ranar Asabar na ɗauke shi muka yi kudu, wani ƙauye a bakin kogi inda ake noman shayi, ko zai ɗan sake.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Hadiza, wai wannan shi ne shayin? Ni a kwali na san shi, busasshe."

Ya shafa ganyen kamar kan jariri, ya ce masa, "Sannu. Ashe kai ne ka ciyar min da yara bakwai. Ban taɓa yi maka godiya ba."

Na kau da kai, kar ya ga hawayena.

Da za mu fita aka miƙo mana shayi da ƙanƙara. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska: "Allah sarki, a garinsu ma ba su san darajarsa ba!" Sai ya tuntsire da dariya, ta farko cikin wata uku.

Ku fa, wace sana'a ce ta rene ku? Kun taɓa ce mata sannu?