Raƙuman Tunkuza

Ɗan farina ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. Haka muka tarar: uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. Ni kuwa Allah ya yi ni da rawar kai, kunyar nan iyakarta tsakar gida.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, gyaɗa ke tashe a Maraɗi, kamiyo, manyan motocin kaya, na shiga na fita da buhuna. Ni ma da ita nake sana'a, ina matsar mai ina soya ƙuli-ƙuli. In gida ya yi shiru sai in gutsuri tunkuza, wato abin da ya rage bayan an matse man, in ja yaron ɗaki. In murza dogon wuya, in ɗora tozo, in liƙa ƙafafu huɗu. Bayan na soya sai mu kai raƙumi rijiya, kwanon kunu ke nan. Mu tsoma kansa ya jiƙa ya yi laushi, yaron ya gatse kan, ya kurɓi kunu wai yana taya raƙumi sha. Ba wanda ya san muna wannan shiririta.

Da ya kusa shekara biyu aka kai shi yaye Jiratawa, wurin Inna, uwar mijina. Ba a nemi shawarata ba, ban kuma isa in bi shi ba. Ran Litinin ƙanwar mijina ta kawo albasa kasuwa, ta biyo ta gidanmu. Ta gaya wa yayanta, da ƙarfi don in ji, cewa yaro ya ƙi kunu, ya ƙi fura, ruwa kawai yake sha, har ya fara ramewa. Ina tsugune gaban kasko ban ɗaga kai ba. Na san 'ya'yan da yaye ya tafi da su, ga shi ko tambaya ba ni da ikon yi.

Kafin ta gama cinikinta na ƙera raƙuma goma sha biyu, na jera a ƙwarya na rufe da faifai.

Ta ce, "Matar yaya, mi an nan ciki?"

Na ce, "Tsarabar yaran gidan Inna ce."

"Yaran gida, ko dai yaro guda?"

Na yi kamar ban ji ba. Na ce, "Ki dai ce mata raƙuman ga ba su ciyuwa sai an kai su rijiya sun sha. Kwanon kunu shi ne rijiyar."

Ta tafi tana yi mini dariya. Ni kuwa daga ranar zuwa Juma'a sau biyu ina ƙona ƙuli-ƙuli, abin da ban taɓa yi ba tun ina gidanmu.

Ran Juma'a ta dawo da ƙwaryar. Na buɗe, ba komai ciki sai wani curi mai ƙafa uku, ba wuya ba tozo.

Ta ce, "Na Inna ne. Ya cinye garken duka, rijiya ma sau ukku yake ƙafar da ita a wuni. Da sunka ƙare Inna ta gwada nata, ya duba ya ce kwaɗo ne, ya ture."

Na zauna daɓas, dariya da kuka suka zo mini tare. Ita kuma ta juya wurin yayanta ta isar da sauran saƙon: Inna ta ce jikokinta na Jiratawa suna son koyon raƙumi, ita hannunta ya tsufa, a ara mata matar gidan kwana uku.

Da na isa Jiratawa na durƙusa na gaida Inna, ban waiwayi kowa ba. Tsohuwar ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta ajiye akushin tunkuza, ta tara yara bakwai. Ta ɗauko nawa da kanta ta zaunar da shi jikin gwiwata, wai nan ne inuwa ta fi. Sannan ta yafa zane ta ce za ta garka duba albasa.

Garkar tana bayan danga, taku ashirin bai kai ba. Ba ta dawo ba sai la'asar.