Takalmin Hagu na Lamba Tara

Shekara goma sha tara muna raba bango ɗaya da shi, ni ina facin taya, shi yana gyaran takalmi, amma har yau ban tabbatar ya san kamannin fuskata ba. Ƙafa yake kallo. In ka yi masa sallama, sai ya gama gaisawa da silifas ɗinka kafin ya ɗago. Ni na sa masa Likita, saboda yadda yake juya takalmi a hannu yana latsawa kamar mai neman inda yake yi masa ciwo. Sunan ya bi shi, har yaran layinmu ba su san yana da wani ba.

Shagon nasa bai fi ɗakin wanka girma ba. Benci ɗaya, akwatin katako cike da zare da basilla da gwangwanin gam, sai ƙarfen nan mai ƙafa uku da yake kifa takalmi a kai ya buga. Hannun tabaransa ɗaya da zare ya ɗaure shi. Kullum akwai ƙananan ƙusoshi a leɓensa, shi ya sa ba ya yawan magana. Ni kuwa ba a ba ni ƙusa ba, baki aka ba ni. Shi ya riga ni sanin matata na da ciki, ni mai gayya mai aiki. Takalminta kawai na kai masa, ya duba ya ce, "Mai faci, ka fara shiri. Igiyar nan ta soma matse ta." Na ce masa tsoho ya ji kunya mana. Wata shida a tsakani aka haifa mana mace.

Allah bai ba Likita haihuwa ba, matarsa kuma ta daɗe da rasuwa. Ƙanwarsa ce ta dawo gidansa da ɗa ɗan shekara huɗu bayan mijinta ya rasu, shi ya riƙe su. A gaban shagon nan yaron ya tashi yana buga ƙwallon tsumma a bangona yana zubar mini da ruwan gwajin tib. Takalmin ƙwallonsa na farko kawun nasa ne ya haɗa masa daga wasu guda biyu da aka zubar, na dama baƙi, na hagu ja. Yanzu ya kai goma sha tara, shi ne ɗan wasan gaba na ƙungiyar garinmu, mai lamba tara. Bara ƙwallo goma sha huɗu ya zura, aka sa masa Harsashi.

Bana kuwa sai addu'a. Ƙungiyar gaba ɗayanta ƙwallo huɗu ta ci a wasa goma sha ɗaya. Harsashi ya yi wasa tara a jere bai taɓa raga ba. Muna can ƙasan tebur, ana cewa in muka faɗi wasan ƙarshe, ƙaramin rukuni za mu koma. Sai sunan yaro ya tashi daga Harsashi ya koma Harsashin Roba. Ba zan ɓoye ba, daga bakina sunan ya fita. A kan benci na faɗa don a yi dariya, kafin Asabar 'yan kallo suna rera shi a fili.

Likita ba ya zuwa kallo. Ya ce zuciyarsa ba ta ɗauka. Amma duk Litinin ana kawo masa buhun takalman 'yan wasa ya gyara, kuma a cikin buhun nan yake kallon nasa wasan.

Wata Litinin mai aski na ƙarshen layi ya zo ya zauna yana yanke hukunci.

"Kai ne ya kumbura," in ji shi. "Ni nake yi masa aski, na sani. Tunda 'yan mata suka fara kiran sunansa, ƙafar ta mutu."

Likita ya zura hannu a buhu ya fito da takalmi biyu ya jera a kan benci, sannan ya cire ƙusoshin bakinsa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan na mai lamba goma ne, wanda aka ce shi zai riƙa ba shi ƙwallo. Dubi haƙoran ƙasansa, kamar ba a taɓa taka ƙasa da su ba. Dubi gefen nan, ya goge sarai. Yana tsaye wuri ɗaya yana murza ƙwallo shi kaɗai. Wannan kuma na yarona. Ƙasa ya cinye, sama kamar yau aka saya. Gudu yake yi, ba a ba shi. Yunwa ce ke damunsa, ba girman kai ba."

Mai aski ya ce, "To a sa takalmin ya buga mana ranar Asabar, tunda shi ya iya magana."

Na yi dariya har da buga cinya, amma maganar ta tsaya mini. Wasan da ya biyo na je da niyyar ƙirge. Wallahi tun daga busa har zuwa tashi, sau uku aka ba yaron ƙwallo, hannu ɗaya ma ban gama yatsunsa ba. Ya yi gudu kamar wanda kare ya biyo, yana ɗaga hannu, babu mai kallonsa. Sai dai a cikin ukun nan akwai ɗaya da ta zo masa tas, daga shi sai gola. Maimakon ya dasa ƙafar hagu ya ɗirka ta da dama kamar yadda muka san shi, sai ya tura ta a hankali kamar mai korar kyanwa daga kan tabarma. Gola ya ɗauke abinsa yana murmushi.

Na ba Likita labari duka. Wajen ƙirgen ya gyaɗa kai. Wajen kyanwar ya ajiye guduma.

Litinin ta makon wasan ƙarshe na ji guduma ta tsaya a shagonsa tun da hantsi, ba ta sake motsi ba. Na leƙa. Yana zaune da takalmin hagu na yaron a cinya. Ya miƙo mini ya ce in shinshina.

"Likita, ni ba kare ba ne."

"Shinshina dai."

Warin man zafi ne. Ya nuna mini ramukan igiya, sun buɗe kamar an cusa ƙafar da ta fi takalmin girma. Ya juya ƙasa, haƙoran gefen waje sun cinye har gindi, na ciki ba abin da ya same su. Sannan ya zura yatsa ya zaro wani yankin soso da aka naɗe aka tura a diddige.

"Idon sawunsa a kumbure yake. A gefe yake takawa. Ya fi wata guda." Ya cire tabarau ya goge. "Gida ɗaya muke kwana, mai faci. Ni da nake duba ƙafar kowa."

Da la'asar yaron ya biyo zai tafi atisaye. Yanzu da na sani, sai na ga yadda yake tafiya a miƙe da gangan, kamar soja a gaban oga. Kawun nasa ya ajiye soson a kan benci. Ni kuma na sami wata taya da ba ta da laifin komai na hau dubawa a bakin ƙofa.

"Cire safar," in ji Likita.

"Kawu, ba komai ba ne."

"In ba komai ba ne, cire."

Bai cire ba. Ya durƙusa a gaban bencin, ya riƙe gwiwar tsohon.

"Kawu, wasa ɗaya ya rage. Ɗaya. In na zauna yanzu, ba wanda zai ce ciwo ne, cewa za a yi Koci ya gaji da ni. Da sunan Harsashin Roba zan zauna har in mutu. Ka bar ni in ci ko ɗaya ce, daga nan ka kai ni duk asibitin da kake so. Don Allah kar ka faɗa wa Koci. Kar ka faɗa wa Umma."

Tayar da ke hannuna ta yi mini nauyi.

"Ka yi mini alkawari, Kawu."

Tsohon ya daɗe yana kallon safar nan. Wannan mutumin bai taɓa iya ce wa yaron nan a'a ba, tun yana ɗan shekara huɗu. Ya ce, "Bakina ba zai faɗa ba."

Ranar Laraba Koci da kansa ya tsaya da babur a ƙofar shagon. Mutum ne da bana ta tsofar da shi, idonsa ja kamar gauta. Bai ko sauka ba.

"Baba, an ce kana karanta takalmi. Kai ka fi kowa sanin yaron nan. Rabin gari na cewa in ajiye shi a benci, ni kuma ba ni da wanda ya kai shi. In sa shi ko in ajiye shi?"

Ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ta isa. Na ga Likita ya ɗebi ƙusoshi ya cika bakinsa da su, ya ce ta tsakaninsu, "Ni takalmi nake gyarawa."

Ni ma ina tsaye a wurin, kuma ni ban yi wa kowa alkawari ba. Bakin nan nawa da ba ya gajiya, ranar ya kwanta. Na ce a raina ba maganata ba ce.

Ashe tsohon yana da tasa dabarar. Ranar Juma'a da yamma na ji ƙarar yage fata. Ya sa wuƙa ya raba takalmin hagun nan gida biyu, sama daban, ƙasa daban, ya ajiye a kan akwati.

"Gam ɗin nan kwana ɗaya yake so kafin ya kama," in ji shi. "Ko yanzu na shafa, ba zai taku gobe ba. Ban faɗa wa kowa komai ba. Amma ba takalmi, ba wasa."

Na ce, "Likita, a duk garin nan takalmi ɗaya ne?"

Ya ce yaron bai taɓa buga wasa da takalmin da bai bi ta hannunsa ba, ko sau ɗaya, ba zai fara gobe ba. Da gaske ya yarda da haka.

Asabar da safe yaron ya zo karɓa. Ya kalli abin da ke kan akwati, ya kalli kawunsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Na gode, Kawu," ya juya.

A fili na gan shi da wani koren takalmi na aro, na wani yaro da ke zaman benci. Ya yi masa kaɗan. Don ƙafar ta shiga, sai da ya cire bandejin da yake ɗaurewa, soso kuwa babu wurinsa. Garin gyaran gira ke nan.

Minti ashirin ya yi, kuma wallahi ya yi wasa. Sau biyu ya dawo har tsakiya ya ƙwaci ƙwallo da kansa tunda ba a kawo masa. Masu rera sunan nan suka yi shiru. Sai aka bugo wata doguwa ta bayan 'yan baya. Ya bi ta, ya riga kowa, ya dasa ƙafar hagu da dukkan ƙarfinsa kamar bara. Babu wanda ya taɓa shi. Ƙafar ce kawai ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Ƙwallo ta gangara waje ita kaɗai.

Ɗaya da nema aka ci mu, muka faɗa ƙaramin rukuni. Ni ban ga cin ba, ina bayan mota riƙe da kafaɗar yaron.

A asibiti suka ce ƙashin ya daɗe da tsagewa, yanzu ya ƙarasa. Suka ce da an zo wata guda da ya wuce, hutun mako shida ne. Yanzu sai an cire filasta za a san ko ƙafar za ta sake gudu. Uwar yaron tana tsaye aka faɗi haka. Ta juya ga yayanta a barandar asibitin, a gaban mutane.

"Yaya, ka sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Litinin."

Ta gyara mayafinta ta koma ciki. Ni ba ta tambaye ni ba, kuma ban kai kaina ba.

Wata biyu ke nan. Likita ba ya buɗe shago sai rana ta ɗaga, don shi ne yake tallafar yaron zuwa wanka kowace safiya. Uwar ba za ta iya ɗaukarsa ba, yaron kuma ya ƙi sandar asibiti. Tsoho ɗan sittin da wani abu, saurayi ya rataya a wuyansa yana tsalle da ƙafa ɗaya, taku goma sha biyu zuwa, goma sha biyu dawowa. Gidan nasu a bayan shagona yake, ta katanga nake jin su. Duk tsawon lokacin nan ban ji sun yi wa juna magana ba, sai shekaranjiya.

Suna tsakiyar tsakar gida yaron ya tsaya yana haki.

"Kawu, da ma Kocin ka faɗa wa. Da ya fi."

Tsohon ya gyara hannun yaron a wuyansa.

"Da na faɗa, da ka yafe mini?"

"A'a."

"To," in ji Likita. "Riƙe ni da kyau, nan wurin da santsi."